Idan Ƙarfin Magidanci Ya Fara Zaizayewa: Haƙuri, Neman Magani Da Haƙƙin Da Ke Kanmu

Duk wanda ya lizimci sallar jam'i a masallatan unguwanninmu na Daura ya taɓa ganin irin mutumin da za mu yi magana a kansa, ko da bai san sunan abin da ke damunsa ba. Magidanci ne da bai wuce shekara 35 ko 40 ba, ba ya zazzaɓi, ba ya ciwon kai, cin abincinsa bai ragu ba. Sai dai idan liman ya ɗago daga sujada sahu duka ya miƙe, shi yana nan yana dafa ƙasa, ya dafa gwiwa, ya dafa cinya, kamar mai hawa jikinsa da hannuwansa, kafin ya daidaita tsayuwa an kusa gama Fatiha. Shekara uku da suka wuce shi ke cicciɓar damin gero ya jefa a rumbu, bana kuwa ko babur zai hau sai ya nemi dakali.

Bayan ya sha jiƙo da rubutu, an yi masa hayaƙi da tsaga, daga ƙarshe sai ya tsinci kansa gaban likita a Katsina ko Kano, a faɗa masa magana uku masu nauyi: cutar ta gado ce, za ta riƙa ƙaruwa sannu a hankali, kuma har yau ba a gano maganin da ke warkar da ita ba. Sunanta a bakin likitoci maskula distirofi, mu kuwa za mu kira ta cutar zaizayewar tsoka.

Ra'ayinmu a wannan rubutu shi ne, abin da ya fi karya irin wannan bawan Allah yawanci daga wajenmu yake fitowa: mukan ba cutar sunan da ba nata ba, mu sayar masa da alkawarin warakar da babu ita, sannan mu fassara masa haƙuri da cewa ya shige ɗaka ya yi shiru. Addininmu bai koyar da ko ɗaya daga cikin ukun nan ba.

Mece ce cutar?

Zaizayewar tsoka dangin cututtuka ne sama da 30, waɗanda tushensu tangarɗa ce a ƙwayoyin halittar da ke ba jiki umarnin gina tsoka da gyara ta. Tsokar mai lafiya takan ɗan yage da aiki ta kuma gyaru. Ta mai wannan cuta tana lalacewa fiye da yadda take gyaruwa, har kitse da tabo su maye gurbinta. Wadda aka fi sani ita ce mai ɗauke da sunan likitan Faransa Duchenne, wanda ya siffanta ta a shekarun 1860. Ita yara maza take kamawa tun suna ƙanana. A 1986 masu bincike a Amurka suka gano ƙwayar halittar da ke jawo ta, a 1987 kuma aka gano sinadarin da tsokar ta rasa, aka sa masa suna distirofin.

Amma akwai nau'o'in da sukan jira har mutum ya girma, ya yi aure, ya tara iyali, sannan su bayyana sarai. Akwai ta Becker, ƙanwar ta Duchenne mai sauƙi, wadda takan sa sha-raɓar mutum ta yi kauri alhali ƙafar ba ta da ƙarfi. Akwai mai kama kwatangwalo da kafaɗu, wadda ke sa tashi daga tabarma da hawa matakala su zama aiki. Akwai mai kama fuska da allon kafaɗa, har mutum ya kasa yin fito, ya kasa ɗaga hannu ya gyara hularsa, mace ta kasa daka ko aza bokiti a ka. Akwai kuma mai sa tsoka ta ƙi saki, wadda tana cikin waɗanda suka fi yawa a manya: a yi musafaha da mutum ya kasa sakin hannu da wuri, ga yawan barcin rana, ga yanar ido tun bai tsufa ba.

Wannan cuta ba shan-inna ba ce, domin shan-inna ƙwayar cuta ce da ke kama yaro farat ɗaya. Ba kuma shanyewar ɓarin jiki ba ce, wadda kan faɗo wa mutum cikin sa'a guda, sau da yawa sanadiyyar hawan jini. Ita tafiyar hawainiya take yi, galibi a ɓangarorin jiki biyu, kuma mai ita yana jin taɓi da zafi da sanyi kamar kowa. Ba a ɗaukarta ta cin abinci a kwano ɗaya, ko kwanciyar aure, ko haɗa sahu.

Sanin sunan cuta rahama ce

Mun san abin da ake fara cewa a gidajenmu idan ƙarfin saurayi ko magidanci ya fara tafiya ba tare da ciwo ba: an yi masa jifa, ya tsallaka sammu, iska ce ta taɓa shi. Ba mu musun abin da nassi ya tabbatar na sihiri da kambun baka, kuma ruƙiyya da ayoyin Allah da addu'o'in da suka inganta alheri ce ga kowane majinyaci. Amma tabbatar da cewa sihiri yana nan daban, ɗora shi a kan wata kishiya ko wani ɗan uba ba tare da hujja ba kuma daban. Na biyun zato ne da ƙazafi, kuma gidaje nawa ne zumuncinsu ya tsinke saboda cutar da tun mutum yana cikin mahaifiyarsa aka rubuta ta a jikinsa?

Rashin sani ya fi dare duhu. Hanyar sani kuwa a buɗe take. Likita zai duba yadda mutum ke tashi da tafiya, ya tambayi tarihin dangi, ya sa a auna wani sinadari a jini da ke hauhawa idan tsoka tana lalacewa. Daga nan akan yi gwajin lantarki na tsoka da jijiya, wani lokaci a ɗebi ɗan ƙanƙanin nama a duba, ko a yi gwajin ƙwayoyin halitta wanda shi ke tantance nau'in. Mutumin Baure ko Zango, Sandamu ko Mai'aduwa, zai iya farawa daga asibitin da ke kusa da shi a Daura, ya nemi takardar tura shi zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake samun likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi.

Akwai dalili babba na yin wannan tafiya da wuri. Wasu cututtukan suna kama da zaizayewar tsoka alhali suna da magani: kumburin tsoka, matsalar maƙoƙo, ƙarancin wasu sinadarai a jiki, har da raunin da ƙwayoyin sa ƙiba ke jawowa ga masu shan su barkatai. Wanda ya shekara biyar yana yawon gidajen masu magani zai iya rasa warakar da take hannu. Wanda kuma aka tabbatar masa da ita, sanin nau'in zai iya tsawaita lafiyarsa da izinin Allah, domin zuciya ma tsoka ce, haka naman da ke jan numfashi. Nau'in Becker da mai hana tsoka saki sukan taɓa zuciya a ɓoye, don haka ake son a riƙa auna ta lokaci-lokaci ko da mutum bai ji komai ba. Kuma wajibi ne ya sanar da likitoci cutarsa kafin duk wata tiyata, saboda wasu magungunan sa barci suna da haɗari gare shi.

Shin likita ya saɓa wa hadisi?

A nan ne wasu ɗalibai kan tsaya su ce: ta yaya likita zai ce cuta ba ta da magani, alhali ya inganta daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa Allah bai saukar da cuta ba face Ya saukar mata da magani? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana cikin hadisin kansa, domin a ruwayar Imamu Ahmad daga Abdullahi ɗan Mas'ud an ƙara da cewa wasu sun san maganin, wasu kuma sun jahilce shi. Likita mai gaskiya cewa yake yi ilimin ɗan Adam bai kai ga maganin ba tukuna. Wannan hadisi kira ne ga bincike, kuma hujja ce a kan ɗalibanmu da su shiga fagen likitanci da kimiyya, kamar yadda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani duk da nauyin mulki da ke kansa.

Abin da hadisin bai zama ba shi ne lasisi ga mai mota da lasifika a bakin kasuwa. A 2023 hukumomin Amurka suka amince da wani magani na gyaran ƙwayar halitta ga yara masu nau'in Duchenne, kuɗinsa ya haura dala miliyan 3, kuma duk da haka masu shi ba su ce yana warkarwa ɗungurungum ba. To yaya kwalba ɗaya da aka ce tana maganin basir da sanyi da taifot za ta gyara abin da ke rubuce a kowace tsoka ta jiki? Mai karɓar kuɗin gona ko na sa daga hannun majinyaci da alkawarin da ya san ba zai cika ba, yana cin dukiyar mutane da ɓarna, ko da ya buɗe tallarsa da basmala. Gara a kashe kuɗin a kan abin da ke da amfani tabbas: motsa gaɓoɓi a ɗakin gashi don kada su sandare, takalmin tallafin ƙafa irin wanda ake yi a Asibitin Ƙashi na Dala, sanda, keken guragu idan lokacinsa ya yi, awon zuciya, da kula da ƙiba don kada nauyi ya ƙara wa tsoka wahala. Motsa jiki daidai gwargwado yana taimakawa. Aikin ƙarfi har a galabaita yana ƙara ɓarna.

Haƙurin da Musulunci ya koyar

Magidancin da ya saba ciyarwa, ranar da ya fahimci wata rana sai an ɗaga shi, dole zuciyarsa ta karaya. Kada mu tare shi da cewa kuka rashin tawakkali ne. Annabi Yaƙuba ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, Annabi Ayyuba ya kai kukansa ga Ubangijinsa, kuma babu wanda aka cire daga sahun masu haƙuri. Abin da aka hana shi ne fushi da hukuncin Allah da fatan mutuwa saboda cuta. Idan baƙin cikin ya zarce, mutum ya daina barci da cin abinci, ya fara cewa gara ba shi, wannan ciwon damuwa ne, shi ma yana da likita kuma yana da magani.

Muna da darasi a ƙissar baiwar Allah nan mai farfaɗiya da ta zo wajen Manzon Allah, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Ibnu Abbas. An ba ta zaɓi tsakanin addu'ar waraka da haƙurin da sakamakonsa Aljanna, ta zaɓi haƙuri. Amma ba ta tashi ba sai da ta roƙi a yi mata addu'a kada tsiraicinta ya riƙa bayyana idan ciwon ya tashi, aka kuwa yi mata. Ta karɓi ƙaddara, ta kuma nemi a tsare mata mutuncinta. Haka muke so mai wannan cuta ya kasance: ya yarda da abin da ba zai iya sauyawa ba, ya kuma buɗe baki ya nemi abin da zai sauƙaƙa masa, ba tare da jin kunya ba.

Wani ɓangare na haƙuri shi ne shiri. Tun da cutar a hankali take tafiya, ta bar wa mai ita lokacin da mai shanyewar ɓarin jiki bai samu ba. Manomi ko ɗan dako ya fara koyon sana'ar zaune tun hannu yana da ƙarfi: tireda, ɗinkin hula, gyaran waya, karantar da yara. A mayar da ɗakinsa kusa da ƙofa, a cike tudun bakin ɗaki, a sa masa abin zama da marikin ƙarfe a banɗaki, domin tsuguno na cikin abin da ke fara gagara. Ya rubuta basussukansa da wasiyyarsa, wanda dama sunna ce ga mai lafiya ma. Da yawa daga masu nau'o'in da ke bayyana a girma suna rayuwa shekaru masu yawa, su aurar da 'ya'ya, su ga jikoki.

Ibadarsa ba ta ragu ba

Abin da ya fi ci wa mumini rai shi ne ganin ya kasa tsayuwa gaban Ubangijinsa. To malamanmu na zaure sun daɗe da warware wannan. Duk wanda ya karanta Ahalari ya wuce ta kan matakan sallar majinyaci: tsayuwa ba jingina, tsayuwa da jingina, zama ba jingina, zama da jingina, sannan kwanciya ta gefen dama, ko hagu, ko rigingine, yana ishara. Asalinsa umarnin da Manzon Allah ya ba Imrana ɗan Husaini lokacin da basir ya matsa masa. Wanda hannunsa ba ya kai wa ga fuska wani zai iya yi masa alwala, wanda kuma ya rasa mai miƙo masa ruwa yana da rangwamen taimama. A Hajji an yi wa Ummu Salama izinin ɗawafi a kan abin hawa saboda rashin lafiya, keken guragu kuwa abin hawa ne. Sannan ga bushara daga hadisin Abu Musa a Bukhari, cewa bawa idan ya yi rashin lafiya ana ci gaba da rubuta masa ladan abin da ya saba yi yana lafiya.

Saboda haka kujerar da ke gefen sahu ba abin kallo ba ce. Manzon Allah kansa, a ciwonsa na ajali, an fito da shi masallaci tsakanin mutum biyu ƙafafunsa suna jan ƙasa. Wanda ke ganin saurayi a kan kujera ya fara gunagunin lalaci ko bidi'a, ya ji tsoron Allah, domin bai san abin da ke ƙarƙashin rigar ba.

Maganar aure da gado

Nan ne wurin da muka fi jin nauyi, kuma nan ne gaskiya ta fi amfani. Hanyar gadon ta bambanta. A nau'in Duchenne da Becker uwa ce kan ɗauki ƙwayar, galibi ba tare da alama ba, kowane ɗa namiji da ta haifa yana tsakanin ya samu ko ya kuɓuta, rabi da rabi. A mai kama fuska da mai hana tsoka saki, mahaifi ɗaya mai cutar ya isa, kowane ciki rabi da rabi ne. A mafi yawan masu kama kwatangwalo sai uwa da uba duka suna ɗauke da ita, sannan kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu, kamar dai lissafin sikila da muka riga muka saba da shi. Wannan na ƙarshe shi ne auren zumunci ke ƙara yiwuwarsa.

Auren zumunci halal ne, ba mu da ikon haramta shi. Amma gidan da aka ga mutum biyu ko uku da irin wannan rauni, hikima ce su nemi shawarar likita kafin su sake haɗa 'ya'yansu. Wasu za su ce bayyana wannan zai sa a guji gidan, 'yan matansu su rasa mazaje. Tsoron yana da tushe, mun gan shi a kan sikila. Sai dai ranar wanka ba a ɓoyon cibi: abin da aka ɓoye kafin ɗaurin aure zai fito bayansa, ya zo da saki da gaba da zaman kotu. Malaman Malikiyya sun lissafa aibobin da ke ba da zaɓi a aure, wato hauka, kuturta, albaras da cututtukan al'aura, kuma wannan cuta ba ta cikin jerin da sunanta. Amma haramcin algus bai tsaya ga kasuwa ba. A faɗa wa wanda abin ya shafa, shi kuma ya riƙe amana. Haka kuma zalunci ne a ɗora wa uwa laifi, ko a kori mace gidansu don ta daina iya daka da ɗebo ruwa. Wadda ta ba gida ƙuruciyarta tana da haƙƙin a yi jinyarta a cikinsa, kuma matar da ke ɗawainiya da miji dare da rana tana buƙatar dangi su karɓe ta ta huta.

Haƙƙin da ke kanmu

Tarihinmu bai san ajiye mai naƙasa a gefe ba. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, ya yi ladanci, aka kuma sha barin Madina a hannunsa. Amru ɗan Jamuhu da gurguntakarsa ya halarci Uhudu. Aɗa'u ɗan Abu Rabah, duk da lalurorin jikinsa, shi ne mai fatawar Makka a zamaninsa. Masana tarihi sun ambata cewa halifa Walidu ɗan Abdulmalik ya sa wa guragu masu hidima, makafi kuma 'yan jagora, daga baitulmali, ya hana su bara.

A zamaninmu ma akwai doka. A watan Janairun 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan wannan gari, ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa. Ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara hanyoyin shigarsu, ta kuma ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin hukumomin gwamnati ga masu naƙasa. Wa'adin ya cika tun farkon 2024. Ya kamata Daura ta zama gaba wajen cika dokar da ɗanta ya sa wa hannu, kuma masallatai su riga ofisoshi. Kowane kwamitin masallaci ya fita ya dubi ƙofarsa: matakala nawa ce tsakanin mai keke da sahu? Gangaren siminti, kujeru biyu ko uku, da wurin alwala mai abin zama ba su kai kuɗin fentin hasumiya ba.

Muna kira ga limamai su ware huɗuba a kan wannan, ga masu fitar da zakka su tuna cewa magidancin da ya kasa sana'a ya shiga sahun masu haƙƙi ko da kunya ta hana shi roƙo, kuma jari ya fi masa sadakar yini ɗaya. Muna roƙon Masarautar Daura, ƙarƙashin Mai Martaba Sarki Alhaji Faruk Umar Faruk, ta sa hakimai da dagatai da masu unguwanni su san irin waɗannan bayin Allah da ke ɓoye a ɗakuna, a haɗa su da asibiti. Ɗaliban makarantar koyon aikin lafiya da na kwalejin kimiyya da fasaha da ke Daura kuwa, ga aikin da zai amfane su duniya da lahira: wayar da kan ƙauyuka, da ƙera keken da zai iya ratsa yashin lungunanmu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma idan gari guda ya bar majinyaci ya wulaƙanta, laifin ya hau kan duk mai iko da bai motsa ba.

Ga ɗan'uwanmu da aka faɗa wa wannan labari a ɗakin likita kuwa, muna cewa: darajarka a wurin Allah ba a damtse take ba. Ka nemi sani, ka riƙi likitanka, ka tsare dukiyarka daga mayaudara, ka fito sahu ko a kan kujera ne, mu kuma wajibinmu ne mu matsa maka wuri. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa abin da ya same su ya zama kankarar zunubi, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri, Ya kuma buɗe wa bayinSa ilimin maganin da Ya saukar. Allah ne Mafi sani.